Ina neman tarihin wani masanin yanayi da zan kai wa Babana

Safiya_Kumo ta rubuta:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, ina karanta kimiyyar fiziks, gidanmu kuma a Kumo yake. Malamin da ke duba aikina na kammala karatu ya ba ni shawarar in yi digiri na biyu a fannin nazarin yanayi, ni ma kuwa can zuciyata ta karkata tun ba yau ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne Baba. Bai ce a'a ba, amma duk lokacin da na tayar da maganar sai ya ce, "Yanzu duk wahalar lissafin nan da kika sha, ƙarshenta ki tsaya gaban taswira a talabijin kina cewa gobe za a yi rana?" Shi ya fi son in nemi koyarwa ko aikin kamfani.

Baba mutum ne mai son tarihin yaƙi, domin mahaifinsa yana cikin sojojin da aka kai Bama a yaƙin Hitila. Na taɓa jin cewa a wannan yaƙin an ɗage wani babban hari saboda maganar masu hasashen yanayi. Don Allah wa ya san labarin da kyau? Ina son sunan mutum guda, da abin da ya yi a lokacin yaƙin, da abin da ya zama bayansa, yadda zan zauna in ba Baba labari daga farko har ƙarshe.

Tambaya ta biyu: shin akwai sauran abin bincike a wannan fanni a ƙasarmu, ko kuwa an gama komai a Turai, mu namu karantawa ne kawai?

Tsohon_Ma'auni ya amsa:

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi wa karatu albarka. Na yi aikin auna yanayi a tashoshin Arewa har na yi ritaya, yanzu ina zaune a Bauchi, saboda haka tambayarki ta zo gida.

Harin da kika ji labari shi ne saukar sojojin ƙawance a gaɓar Normandi ta Faransa a watan Yuni na 1944. Sunan da ya fi fita shi ne James Stagg, domin shi ke tsayawa gaban Janar Eisenhower, babban kwamandan sojojin ƙawance, yana yi masa bayanin yanayi. Amma in mutum ɗaya za ki kai wa mahaifinki, ni dai Sverre Petterssen zan ce ki kai masa. Stagg ya fi ƙwarewa a binciken maganaɗisun ƙasa, aikinsa a wancan makon shi ne ya saurari masanan da suka saɓa wa juna ya fito da magana guda. Petterssen kuwa mai hasashe ne tun daga tushe.

An haife shi a 1898 a Hadsel, can arewacin ƙasar Nowe, cikin masunta. Ki faɗa wa mahaifinki wannan tun farko, domin a wurin masuntan tekun arewa sanin iska batun rai ne: jirgin da ya fita ranar da bai kamata ba, sau da yawa ba ya dawowa. Ya koyi aikin a hannun masanan garin Bergen, mutanen Vilhelm Bjerknes, waɗanda suka gano cewa hadarin ƙasashen sanyi yana ƙulluwa ne a layin da iska mai sanyi ta yi karo da mai ɗumi. Ya daɗe yana hasashe a ƙasarsu, sannan a 1939 aka ba shi shugabancin sashen nazarin yanayi a jami'ar MIT ta Amurka. A 1940 Jamus ta mamaye Nowe. Mutumin nan ya ajiye kujerar farfesa da albashinta, ya tafi Ingila ya sa kakin sojan saman ƙasarsa, aka tura shi cibiyar hasashe ta Dunstable ya jagoranci masu nazarin iskar can sama.

Me ya sa soja ke buƙatar iskar sama? Jiragen yaƙi suna tafiya da dare, kilomita da yawa daga ƙasa, fitilun garuruwa a kashe. In aka ce wa matuƙi iska za ta kaɗa da ƙarfi kaza daga yamma, sai ta zo da ninkinsa, za ta ture shi daga hanya bai sani ba, mai ya ƙare masa a kan teku. Ga ƙanƙara da ke daskarewa a fukafukai, ga hazo da ke rufe filin sauka da asuba lokacin da jirage ke dawowa da ɗan ragowar mai. Petterssen ya tsaya a kan cewa abin da ke faruwa a ƙasa, iskar sama ce ke jan ragamarsa, wanda bai kalli sama ba ba zai san inda hadari ya dosa ba. Shi ne ma ya yi hasashen saukar sojoji a Anziyo ta Italiya a Janairun 1944.

To, mu zo Normandi. Sojoji fiye da 150,000 za su sauka a rana ɗaya, da jiragen ruwa kusan 7,000. Janar-janar sun gindaya sharuɗɗa masu wuya: teku ya janye da asuba don a ga tarkunan ƙarfe da Jamusawa suka kafa a bakin gaɓa, a sami hasken farin wata don sojojin lema, iska kada ta yi ƙarfi, gajimare kada ya yi ƙasa. Wata da janyewar teku ana lissafa su tun shekara guda kafin lokaci, kuma sun ba da kwana uku kacal: 5 da 6 da 7 ga Yuni. Aka zaɓi 5. Saura iska da gajimare, su kuwa ba sa bin kalanda.

Cibiyoyi uku ne ke hasashen, suna tattaunawa ta wayar sirri: ta sojan saman Amurka, ta sojan ruwan Ingila, da ta Dunstable. Babu tauraron ɗan'adam, babu kwamfuta. Fensir ne da taswira da rahotannin jiragen ruwa da na sama da na tashoshin ƙasa. A ɓangaren Amurka akwai Irving Krick, wanda hanyarsa ita ce ya binciko tsofaffin taswirori na shekaru da dama, ya nemo ranar da ta yi kama da yau, ya ce abin da ya biyo bayanta shi zai sake biyowa. Da wannan ya ce ranar 5 lafiya lau, a tafi. Petterssen da abokin aikinsa Douglas suka ce ina, akwai jerin hadari da ke tahowa daga Tekun Atalantika, kuma iskar sama tana turo su kai tsaye zuwa mashigin tekun da za a haye daga Ingila zuwa Faransa.

Ga wurin da ya fi taɓa ni, a matsayina na wanda ya ci abinci da karanta ma'auni. A can ƙuryar yammacin ƙasar Ayalan akwai wata ƙaramar tasha, Blacksod. Da ƙarfe ɗayan daren 3 ga Yuni wata ma'aikaciyar gidan waya mai suna Maureen Flavin, ranar ta cika shekara 21, ta duba ma'aunin nauyin iska ta ga yana faɗuwa da sauri. Ta aika kamar yadda ta saba. Sai aka bugo waya daga Ingila ana cewa a sake dubawa a maimaita. Aka duba, haka yake. Ba ta san abin da rahoton nan ya tabbatar ba sai bayan shekaru fiye da goma. Ta rasu a 2023 tana da shekara 100.

Da asubahin 4 ga Yuni Eisenhower ya ɗage harin, alhali a lokacin sama garau take a kudancin Ingila, wasu jiragen ma sun riga sun kama hanya sai da aka kira su suka juyo. Ki yi tunanin nauyin da ke kan mutumin da ya ce a tsaya, ga rana tana haskawa, ga manyan hafsoshi suna kallonsa. Kafin dare iska da ruwa suka iso. A daren ne kuma Stagg ya shaida wa janar ɗin cewa an hango ɗan sarari tsakanin hadarin da ke wucewa da wanda ke biye, zai isa a sauka ranar 6. Wa ya fara hango wannan sararin, mutanen nan sun yi ta jayayya a kai har ƙarshen rayuwarsu, kowa da nasa bayanin. Abin da ya tabbata shi ne mutanen Dunstable sun ƙi amincewa da ranar 5, kuma gaskiya tana wajensu.

Kada ki ce wa mahaifinki ranar 6 ta yi kyau. Teku ya yi tsauri, sojoji sun yi ta amai a cikin jirage, tankokin yaƙi masu iyo da yawa sun nutse kafin su kai Omaha, ɗaya daga cikin wuraren sauka a gaɓar Normandi. Amma an iya sauka. Jamusawa kuwa, da yake ba su da isassun rahotanni daga Atalantika, sun ɗauka mummunan yanayin zai ɗore, har kwamandansu Rommel ya tafi gida bikin ranar haihuwar matarsa. Da an sake ɗagewa, damar gaba ta faɗo ne wajen 18 zuwa 20 ga Yuni, kuma ranar 19 aka yi wata guguwar teku da ta farfasa tashar jiragen ruwa ta wucin gadi da aka kafa a Omaha.

Bayan yaƙi bai zauna yana cin tsohon suna ba. Ya koma Nowe, daga nan ya shugabanci sashen bincike na hukumar yanayin sojan saman Amurka, a 1952 ya zama farfesa a jami'ar Shikago, inda ya ci gaba da bin tambayar nan tasa, wato yadda iskar sama ke haifar da hadari a ƙasa. Littattafan koyarwarsa sun horar da masu hasashe a ƙasashe da dama. Ya rasu a Landan a ƙarshen 1974.

Abin da ya sa nake girmama shi ba nasarar yaƙi ba ce, yaƙi ba abin so ba ne. Ya faɗi abin da ma'auni ya nuna masa a lokacin da manya ke son jin akasinsa. Tambayarki ta biyu zan dawo gare ta, an kira salla.

Manomin_Dukku ya amsa:

Baba Tsohon Ma'auni, Allah ya ƙara girma, labarin ya yi daɗi ƙwarai. Amma ka yi mini afuwa, Normandi ta yi nisa da Dukku.

Bara wani saƙo ya yi ta yawo a wayoyinmu cewa damina za ta zauna a rana kaza. Aka yi ruwa mai kyau kusa da ranar, muka fita muka shuka gero. Ya tsiro sharaf, sai sama ta ɗauke. Muna kallo tsiron ya ƙone, aka koma neman iri a kasuwa da tsada, wasu sai da suka sayar da akuya. Wanda bai taɓa tsayawa a gonarsa yana kallon shuka tana mutuwa ba, ba zai san zafin abin ba.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ba ya shuka da ruwan farko. Yana jiran ya ga shamuwa ta zo ta fara sheƙa, iska ta juyo daga kudu maso yamma ta tsaya, dare ya riƙa yin gumi, gawo ya fara zubar da ganye. Sannan ya tona ƙasa da hannu ya ga iya inda laima ta kai. Ba na cewa bai taɓa asara ba, amma yana da abin da yake dubawa.

Tambayata ita ce, in tun 1944 Turawa sun iya hango sararin kwana ɗaya a tsakiyar teku da fensir, me ya hana yau, da tauraron ɗan'adam da kwamfuta, a faɗa mini ko ruwan da aka yi jiya na shuka ne ko na yaudara?

Ke kuma ƙanwata Safiya, ni ina goyon bayanki. Amma in kin karanta, ki karanta domin irinmu. A faɗa mana da Hausa da Fulatanci, a rediyo, da sunan ƙaramar hukumarmu, ba a ce "yankin arewa maso gabas" ba, wanda ya kwaso daga Gembu har Gaidam.

Almajirin_Nafada ya amsa:

Assalamu alaikum. Malama Safiya, zan taɓa wani gefe da ba ki ambata ba, domin sau da yawa shi ne ke zuciyar dattawanmu ko da ba su furta ba: tsoron kada aikin ya zama shiga ilmin gaibu.

Aya ta 34 a Suratu Luƙman ta ambaci saukar da ruwa cikin abubuwan da ke wurin Allah. Akwai kuma hadisin Zaidu bin Khalid al-Juhani a Bukhari da Muslim, na safiyar da aka kwana ana ruwa a Hudaibiyya, inda aka yi gargaɗi ga mai jingina ruwa ga faɗuwar tauraro kaza. Wannan duka gaskiya ne, kuma ya kamata duk mai wannan aiki ya san su.

Sai dai abin da aka hana shi ne a ba tauraro ikon saukar da ruwa, ko mutum ya yi da'awar sanin gobe a yanke. Duba alamun da Allah ya sanya a halittarsa wani abu ne daban. A Suratul A'araf aya ta 57 an ce Shi ne ke aiko iskoki suna bushara gabanin rahamarsa. Bushara kuwa ana ganin ta ne kafin abin ya iso. Manomin da ya ga hadari ya haɗo a gabas ya ce wa yara su kwashe shanya bai yi duba ba. Mai ma'auni ya faɗaɗa wannan kallon ne da kayan aiki, ya ce bisa ga abin da muka auna ana sa ran kaza, in Allah ya so. Malamai da yawa na wannan zamani a kan haka suka tafi.

Shawarata, kada ki je wa mahaifinki da sigar muhawara. Ki ba shi labarin da Baba ya kawo, ki bar shi ya kwana da shi. In akwai baffa ko kawun da yake jin maganarsa, ki fara bi ta nan.

Tsohon_Ma'auni ya sake amsawa:

Malam na Nafada, Allah ya saka da alheri, ka ɗauke mini nauyi. Ɗana na Dukku, Allah ya mayar da alheri. Tambayarka da ta biyun Safiya amsarsu ɗaya ce.

Hadarin Turai babba ne, faɗinsa ya kai kilomita dubu ko fiye, yana tafiya kwana da kwanaki, kuma ma'aunin nauyin iska yana tona asirinsa tun yana nesa. Shi ya sa karatun yarinya ɗaya a Ayalan ya yi amfani. Mu nan muna kusa da tsakiyar duniya, Gombe tana wajen digiri 10 ne a arewa. Nauyin iska ba ya wani motsi sosai a wurinmu, sai ka ga an tafka ruwa da iska har rufin kwano ya tashi, allurar ma'aunin kuwa ɗan kaɗan ta gusa. Ruwanmu daga zafin ƙasa da laima yake tashi, cikin 'yan sa'o'i. Kamar tukunya ce a kan murhu: ka san za ta tafasa, amma ba ka san ta wane gefe kumfar farko za ta ɓullo ba. Shi ya sa ake ruwa a Bajoga, Ashaka a bushe. Dabarun Bergen da Petterssen ya ƙware a kai ba sa aiki a nan yadda suke yi a can, dole sai da aka nemi wasu.

Abin da zai ba mahaifin Safiya sha'awa shi ne, wannan neman ma yaƙin ne ya zaburar da shi. Daga 1940, da hanyar Bahar Rum ta yi haɗari, sai Ingilishi suka riƙa kawo jiragen yaƙi a akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yanzu, a harhaɗa su, a tuƙo su ta Legas, Kano, Maiduguri, a ratsa Cadi da Sudan har Alƙahira. Dubban jirage sun bi ta saman ƙasar nan. Manyan abokan gabarsu a hanya biyu ne: ƙurar hunturu da ke ɓoye filin sauka, da hadarin bazara mai zuwa da iska. Dole aka ƙara tashoshi da masu auna yanayi a kan hanyar. A 1945 wasu masana biyu, Hamilton da Archbold, suka wallafa dogon nazari kan yanayin Nijeriya da maƙwabtanta, wanda masu bincike ke komawa gare shi har yanzu.

Daga irin waɗannan ayyuka, da manyan binciken da suka biyo baya kamar wanda aka yi daga Dakar a 1974, muka san abubuwan da muke aiki da su. Akwai layin da busasshiyar iskar Sahara ke haɗuwa da mai laima daga teku; yana hawowa arewa daga bazara, ya kai cikin hamada a watan Agusta, sannan ya koma. Ruwa mai ƙarfi ba a kan layin yake sauka ba, sai can baya da shi ta kudu. Ɗana na Dukku, shamuwar mahaifinka wannan tafiyar take bi, juyawar iskar da yake jira kuwa wucewar layin ce ta kansa, saboda haka dattijon ya san abin da yake yi. Akwai wata iska mai gudu daga gabas, kilomita 3 zuwa 4 a sama, ita ke tsara hadari ya zama dogon layi ya nufi yamma, shi ya sa kullum ta gabas muke ganin ya haɗo. Ƙurar hunturu kuma mafi yawanta daga kwarin Bodele na arewacin Cadi take tasowa. In muka ga rahoton garin Faya na Cadi ko Bilma ta Nijar ya nuna ƙura ta rage nisan gani, mun san ta kamo hanya, sai mu sanar da filayen jiragen sama.

Batun ruwan yaudara: a farkon damina layin nan yana kai da komo, ya hau ya ba ku ruwa, ya ja da baya mako biyu. Masana noma a yankin Sahel sukan ce damina ta zauna in an sami kamar milimita 20 cikin kwana uku, kuma ba a yi fiye da mako guda a bushe ba cikin wata ɗaya da ya biyo. Ka ga rabin sharaɗin yana gaba, ba ya tabbata sai an hango makonnin da ke tafe, kuma hangen mako biyu zuwa huɗu shi ne mafi wuya a duk fannin. Hukumar yanayi ta Nijeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da ranakun da ake sa ran farawa da ƙarewa da gargaɗin tsayawar ruwa. Irin wannan hasashe kintace ne mai 'yan kwanaki gaba ko baya. Saƙonnin da ake turawa a waya sukan yanke wannan bayanin su bar rana ɗaya tsirara, wani lokaci ma ba a san wanda ya rubuta su ba.

Kwamfuta kuwa abin da aka ba ta take tauna. Afirka ce nahiyar da ta fi ƙarancin tashoshin auna yanayi, musamman masu sakin balan-balan da na'ura zuwa sama. Iskar saman da Petterssen ya ce ita ce jagora, mu nan da ƙyar ake auna ta. Tauraron ɗan'adam yana ganin saman gajimare, amma sai an sami ma'auni a ƙasa ake gane ko lissafinsa ya yi daidai. Mu a zamaninmu ƙarfe ɗaya da ƙarfe bakwai, dare da rana, ba sa wuce mu, domin su ne manyan lokutan da duk duniya ke karanta ma'auni tare. Ko ana ruwa ko ana sanyin hunturu sai ka ɗauki tocila ka je farin akwatin da ake ajiye ma'aunai a ciki ka karanta. Yana yi mini ciwo in ga tashar da aka yi shekaru ana tara bayananta ta koma kango.

Safiya, ga misali ɗaya da zai nuna miki ko an gama binciken. Jule Charney, wanda ya jagoranci hasashen farko da aka yi da kwamfuta a 1950, ya juyo da hankalinsa kan Sahel bayan farin 1972 da 1973. A 1975 ya kawo ra'ayin cewa in dabbobi suka cinye ciyawa ƙasa ta zama fara fat, tana mayar da hasken rana sama, iska ta daina hawa sama, ruwa ya ragu. Ra'ayin ya karɓu, aka daɗe ana ɗora wa makiyaya da manoma laifin fari. Sai a 1986 wasu masana a Ingila, Folland da Palmer da Parker, suka nuna cewa sauyin zafin ruwan tekuna ne babban abin da ke juya daminar Sahel, bincike na baya kuma ya ƙarfafa hakan. Dubi yadda lissafin da aka yi a wata nahiya ya shafi mutuncin Bafulatanin da ke kiwo a Dukku. Har yau manyan kwamfutocin duniya ba su daidaita ba kan yadda daminarmu za ta kasance nan da shekaru masu zuwa. Ga ambaliyar 2012 da ta 2022, ga ta Maiduguri a 2024. Aiki na nan jibge, masu yin sa daga cikinmu ne suka yi kaɗan.

Safiya_Kumo ta rubuta:

Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Malam, na karɓi shawara, zan bi ta wajen Baffana. Yaya na Dukku, na ji saƙonka kuma na riƙe. Baba, kafin in gama makaranta me ya kamata in fi mayar da hankali a kai, kuma ina ake koyar da fannin?

Tsohon_Ma'auni ya amsa:

Ki riƙe lissafi da kyau, musamman na motsin ruwa da iska da na zafi, sannan ki koyi rubuta manhajar kwamfuta, yanzu babu mai bincike ba tare da ita ba. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure tana da tsohon sashe na wannan fanni. NiMet tana da cibiyar horo a Oshodi, Legas. A Yamai ta Nijar akwai cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD, masu aiki kan yanayi da noma, don haka ɗan Faransanci zai yi miki rana. Ki nemi takarda daga sashenku ki ziyarci ofishin yanayi na filin jirgin saman Gombe da ke Lawanti, ki ga yadda ake karanta ma'auni da idonki kafin ki yanke shawara.

Manomin_Dukku ya rubuta:

Baba, wannan milimita 20 ɗin, ni da ba ni da na'ura yaya zan auna ta a gonata?

Tsohon_Ma'auni ya amsa:

Ka sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa da na gindinsa ɗaya ne, gindin kuma a shafe. Ka kafa shi a fili, a daidaice, ɗan sama da ƙasa yadda ruwan da ya fantsama ba zai shiga ba, nesa da bishiya ko katanga da aƙalla ninki biyu na tsayinsu. Ka ɗaure shi don iska da awaki. Kowace safiya a lokaci guda ka tsoma rular 'yan makaranta a tsaye, ka karanta zurfin ruwan: santimita 2 ita ce milimita 20. Ka lura wasu ruloli suna da ɗan sarari kafin sifili, sai ka yanke shi. Ka zubar da ruwan, ka rubuta kwanan wata da adadin a littafi. Ranar da ba a yi ruwa ba ka rubuta sifili, kada ka bar gurbin haka nan, domin wanda zai duba littafin daga baya ya bambance ranar da ba a yi ruwa ba da ranar da ba ka je ba.